Tarwaɗar Doña Nemesia

Duk wanda ya sauka daga kwalekwale a tashar garinmu, ƙamshin kifin Doña Nemesia Palomeque ne ke fara tarbarsa. Shekara talatin da ɗoriya tana suya a ƙarƙashin rumfar kwano, da kasko ɗaya da ya yi baƙi ƙirin. Gajera ce mai kaifin baki. In ka nemi ragi sai ta tambaye ka ko uwarka ce ta kamo kifin. Mijinta masunci ne, ruwa ya ci shi tun tana goyon Wilfrido, ɗanta tilo. Da wannan kasko ta raine shi har ya samu aiki a injin haƙar zinare, can saman kogi. Abokan aikinsa su ne manyan masu cinikinta. Ranar Asabar sukan sauko aljihu cike, kowa tarwaɗa yake nema da soyayyiyar agada.

Wata shekara sai ga mutanen birni da almakashi. Shugabarsu Dakta Marcela ce, mace mai kirki, ba zan yi mata ƙarya ba. Suka bi gida gida suna yankar ɗan gashi a ƙeyar mutane, wai a gashi ake gane yawan zaibar da ta taru a jiki, zaibar da masu haƙa ke tace zinare da ita, ragowar ta bi kogi. Muka yi ta dariya. Nemesia ta ce su yanka da yawa, dama kitso ya ishe ta.

Da suka dawo bayan wata uku, ba wanda ya yi dariya. Gashin Nemesia ya fi na kowa guba. Dakta ta ce tarwaɗa ce ta fi haɗari, domin ƙananan kifi take ci, gubarsu duk ta taru a jikinta; bocachico, kifi mai kiwo a laka, shi da sauƙi. Ta ce ɗan da ke ciki shi ya fi cutuwa. Sannan ta roƙi Nemesia ta bi su babban birni ta yi magana a talabijin, kuɗin mota da masauki duk suna wuyansu.

“Dakta, ke in kin gama magana ina za ki koma?” in ji Nemesia.

“Ofis.”

“To ni nan zan dawo. In na faɗa wa duniya kifina guba ne, gobe wa zai saya? In aka rufe injin, ke za ki ɗauki Wilfrido aiki?”

Dakta ta yi ta juya robar ruwan da ta zo da ita daga birni.

Waɗanda suka tafi su ne tsohon hedimasta mai fansho da mai kantin magani. Sun yi ƙoƙari, an kuma yaba musu. Nemesia kuwa aka ce matsoraciya ce, masu zinare sun saye ta. Ni ma na faɗa, har da ƙari. Ina yawo da koriyar rigar ƙungiyar su Dakta, mijina malamin makaranta, albashi na shigowa ko an yi zanga-zanga ko ba a yi ba. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Da na samu ciki sai kwaɗayin tarwaɗa ya taso mini. Na ce sau ɗaya dai ba ya kisa, na ajiye rigar a gida na tafi rumfarta. Ta dubi cikina ta ce ta ƙare. Ga su uku a faranti ina kallo.

“Waɗannan fa, Doña?”

“’Yar nan, kunnenki ƙalau? Na ce ta ƙare. Ɗauki bocachico. In kin haihu ki zo ki zage ni.”

Na tafi ina huci. Daga baya na ji ashe haka take yi wa kowace mai ciki da mai goyo da ƙananan yara, ba ta kuma taɓa faɗin dalili a gaban masu haƙa ba. Masunta kuwa a igiya suke sayar da kifi, haɗe, ba a zaɓe. Don haka a tsakiyar mako tarwaɗa takan yi mata kwantai. Na ce ta zubar mana. Ta dube ni kamar na zagi coci, ta tambaye ni a gidan wa ake zubar da abinci. Ita take cinyewa da rogo, kullum. Na tambaye ta masu haƙa fa, tana sayar musu? Ta ce su suka zuba gubar, su ci rabonsu. Wilfrido kuwa yana cikinsu.

’Yata yanzu shekararta shida, ba ta zama wuri ɗaya. Hannun Nemesia kuwa rawa yake yi saboda zaibar, mai ya ƙone mata yatsu duka. A littafin da ƙungiya ta buga akwai hoton hedimasta, akwai nawa. Ita lamba aka rubuta a maimakon sunanta.

Jiya na biya ta rumfar, ta ce in juya mata kifin, matsamin ya ƙi zama a hannunta. Ina juyawa sai ’yata ta miƙa hannu faranti za ta ɗauki tarwaɗa. Tsohuwar ta kai mata duka, hannun ya kuskure, ta sake kaiwa.

“Ta ƙare,” in ji ta.