Kitson da Aka Yi a Daji

Ni mace ce mai tsirfa a kan kitso, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. A gidanmu na Kaura Namoda har tsokanata ake yi, wai in an ba ni miya babu gishiri zan sha in yi shiru, amma a karkace mini tsaga ɗaya sai unguwa ta ji. Gaskiyarsu ce. Ba na son ƙarin gashin kanti, wanda mace za ta ɗora ta yini tana susa kamar mai kwarkwata. Ba na son man nan da ake shafawa don gashi ya miƙe, na ga yadda ya mayar da goshin ƙawayena fili. Robar ɗaure bakin kitso ma ban yarda da ita ba, cin gashi take yi. Ni a bar ni in wanke kaina da karkashi, a shafa mini man shanu, a yi mini shuku ko kalaba ƙanana, tsaga ta fita tas. Kuma duk macen da ta san kitso ta san kowace makitsiya da hannunta, yadda ake gane tuwon kowa a gidan yawa.

Hannun da na fi so na wata Bafulatana ne, sa'ata, daga wata ruga ta wajen Banga. Ranar kasuwa takan rako mahaifiyarta. Tsohuwar ta zauna bakin kasuwa da ƙwaryar nononta, ita kuma ta shigo gidanmu ta shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, matan unguwa su yi ta zuwa. Bahaguwa ce, saboda haka tsagarta daga kunnen hagu take tashi, ta lanƙwaso kamar lauje. Ba ta ɗaure bakin kitso da zare ko roba, sai ta naɗe jelar ta cusa ta cikin kanta, kuma ba ta warwarewa. Ba ta jan gashin goshi har ido ya ɗage. Da wuya a sami mace a unguwarmu da kanta bai taɓa kwanciya a cinyarta ba. A kitsonta na gefen kunne akwai wani jan dutsen ado guda ɗaya mai huda, ta ce mini mahaifiyarta ce ta cire daga nata kan ta ba ta. In ta sunkuyo tana yi mini kitso yakan taɓa kumatuna, sanyi ƙalau.

Sai ƙasa ta lalace. 'Yan bindiga suka cika daji, rugarsu ta watse, makitsiyar ta daina zuwa. Aka yi ta raɗe-raɗin mijinta ya bi waɗancan mutanen ya tafi da ita, amma babu wanda ya tabbatar. Tsohuwar ba ta iya gudu, sai ta sami wani ɗaki a ƙarshen gari, ta ci gaba da zama bakin kasuwa da ɗan nonon da take sarowa. In an tambaye ta 'yarta, sai ta ce ba ta sani ba, kuma da gaske ba ta sani ba. 'Yan sa-kai suna sa mata ido. Kowa ya san ranar da aka tabbatar tana da wani nata a cikin dajin, za a ce ita ke kai musu labarin gari. Kuma mun ga abin da ake yi wa wanda aka ce yana kai labari, ba a kai shi gaban alƙali.

A cikin wannan hali aka tare motar da ƙanwata ke ciki a hanyar Shinkafi, za ta suna, aka shiga daji da su. Ba zan faɗi yadda muka yi wannan damina ba, ba zan kuma faɗi yadda aka yi aka sako ta ba. Wata safiya dai wani mai babur daga wajen Zurmi ya sauke ta a ƙofar gida. Ta rame har zaninta na zagaye ta sau biyu, ƙafafunta duk sun tsage, kanta ɗaure da wani tsohon kallabi da ba nata ba.

Kafin hantsi gida ya cika da mata 'yan barka. Ana kuka, ana hamdala, wannan ta miƙo kunu, waccan ta ce a bar ta ta huta. Ni ina zaune a bayanta na riƙe kafaɗunta. Ta sunkuya za ta karɓi kofi, kallabin ya ɗan zame ta wajen kunnen hagu.

Na sa ran ganin kai a cukurkuɗe, gashi ya dunƙule da datti. Abin da na gani sabon kitso ne, ƙanana, yana sheƙin mai. Tsagar ta tashi daga kunnen hagu ta lanƙwaso. Jelar da ta leƙo a naɗe take, a cushe cikin kanta, babu zare. Hannun makitsiyar nan tamu ne. Na ja kallabin na rufe, na bar tafin hannuna a kan wurin kamar ina shafa ta.

Na ɗaga ido na dubi tsakar gidan. Duk macen da ke wurin ta san wannan hannun. Wadda ta fi kowa saninsa kuwa tana zaune daf da mu: gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu. An kashe mijinta a gona a shekarar da ta gabata, babban ɗanta kuma tun daga ranar ya shiga sa-kai. Gwaggo ba ta taɓa bari ranar kasuwa ta wuce ba tare da ta kawo kanta gindin dogon yaron nan ba. In ta gani, ɗanta zai ji kafin la'asar, kuma ɗakin tsohuwa mai nono ba shi da ko ƙyauren kirki.

Kamar ta san abin da ke raina, Gwaggo ta miƙo hannu.

"Cire mata tsumman ga mu ga kan," in ji ta. "Waɗanda ka dawowa daga can duk da kwarkwata suka zuwa. In ta kama a aske, a aske."

Na ce, "Gwaggo, bari in kai ta ɗaki. Kunya taka ji cikin mutane."

"Kunyar mi? Duk uwayenta na nan."

"Ta gaji, Gwaggo. Ni dai bari in gyara ta."

Gwaggo ta taɓe baki ta ce wa matan, "Kun ji ta, sarauniyar kai. Ko ɗiyar da ta hito daji sai an bi ƙa'idarta." Aka yi 'yar dariya. Ban taɓa jin daɗin tsokanar nan kamar ranar ba. Na ɗaga ƙanwata muka shiga ɗakina, na saki labule. Ƙyauren ban iya rufe shi ba, don rufewar ma abin tambaya ne.

Na cire kallabin. Wallahi ko a wancan halin sai da na tsaya na kalli aikin. Shuku ne, layi-layi, ko gashi ɗaya bai tashi ba. Na durƙusa daidai kunnenta.

"Wa yay yi maki kitson ga?"

"Kin san ta, Yaya," ta ce a hankali. "Ita ta. Ita ka kawo man hura a ɓoye. Ita ma ba son ranta taka zama can ba, ko ruwa ba a barin ta ɗebowa ita ɗai. Da anka ce za a sake mu, tac ce ba ta bari in koma gida da kai awa na mahaukaciya."

Na ɗauko kibiyar tsifa. Ƙanwata ta kare kanta da hannu biyu.

"Kak ki kwance shi. Shi ɗai na abin kirki da anka yi man can."

"Uwarta na bakin kasuwa," na ce. "Gwaggo na bakin ƙohwa."

Ta kalle ni. Sannan ta sauke hannayenta, ta kwantar da kai a cinyata, hawaye na gangarowa kan zanina.

Ni da nake faɗa da duk mai tsifa da gaggawa, ni da nake cewa a jiƙa kai da mai a bi jela a hankali, ranar fizga na yi. Ingancin kitson ma ya zame mini masifa. Jelar nan da nake yabo don ba ta warwarewa, ga shi ta ƙi warwarewa, sai na sa farce da haƙori. Kibiya na kuɓucewa tana sokar mata fata. A waje ina jin muryar Gwaggo tana ba da labarin mijinta, muryar na matsowa, tana ja da baya, tana sake matsowa. Duk inuwar da ta gilma a labule sai in ƙara sauri. Tsoro nake ji irin wanda ban ji ba ko ranar da aka yi harbi a bayan gari, domin a wannan ranar, gudu kawai ake nema a wurina, yau kuwa ran tsohuwa ne a yatsuna.

Na zo kan na ƙarshe, wani ɗan guntu a can ƙeya, ƙarƙashin sauran, wanda ba shi da amfani a tsarin shuku. Har na yi mamaki, don ba ta kitson banza. Da na taɓa shi sai na ji abu mai tauri a ciki. Na warware, jan dutsen nan na makitsiyar ya faɗo tafin hannuna.

"Kin san da wanga?" na tambayi ƙanwata.

Ta girgiza kai. Ba ta sani ba. Makitsiyar ba ta gaya mata ba, ta dai san kan wa take kitsawa, ta kuma san wace ce za ta kwance shi.

Labule ya ɗaga. Ba ni da aljihu, ba ni da lokacin ƙulle bakin zani. Na jefa dutsen a baki, na tura shi ƙarƙashin harshe.

Gwaggo ta shigo da kwanon karkashi a hannu. Ta tsaya a kanmu. Gashin ƙanwata ya tashi buzu-buzu, amma duk wadda ta taɓa tsifa ta san ba a ɓoye sabon kitso: gashin na nan a lanƙwashe, ga ƙamshin man shanu, ga tsagar kwance a fatar kai ba ta rufe ba.

"Ashe da kitso ta zaka," in ji Gwaggo.

Na gyaɗa kai. In na buɗe baki dutsen zai ƙwanƙwashi haƙorina.

Ta ajiye kwanon, ta sunkuya, ta ɗora ɗan yatsa a bayan kunnen hagun ƙanwata. Ta bi tsagar da shi a hankali, ta lanƙwaso, har tsakiyar kai. Ina kallon yatsan, yawu ya taru a bakina, na kasa haɗiyewa don kada in haɗiye dutsen. Ta dubi ƙanwata, ta dubi ƙasusuwan wuyanta, ta dube ni. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Miƙo man mataji," ta ce.

Na miƙa mata. Ta zauna bakin gado, ta ja kan ƙanwata zuwa cinyarta, ta shiga tajewa daga goshi zuwa ƙeya, da ƙarfi, har tsagar ta ɓace. Sannan ta ce in kawo ruwa. Ba ta ƙara cewa komai ba, ranar ko bayanta. Har yau ban san ko rufa asiri ta yi ba, ko kuwa ajiye maganar ta yi sai ranar da zuciyarta ta tashi. In ɗanta ya shigo gaishe mu da bindigarsa a kafaɗa, ina amsawa ne ina kallon bakin uwarsa.

Ranar kasuwa na ɗauki kwano na tafi sayen nono, dutsen a dunƙule cikin hannuna. Na zagaya ta wajen masu kayan miya, na tsaya taya abin da ba na so, sai da na ga babu wanda na sani kusa. Tsohuwar na zaune inda take zama, ita kaɗai, masu saye sun rage mata. Na durƙusa.

"Ina kwana, Inna. A zuba man."

Ta miƙo hannu za ta karɓi kwanon, na sakar mata dutsen a tafi. Ba ta duba ba. Yatsunta suka rufe, na ga babban yatsanta na shafa hudar. Ta ɗauki ludayi da ɗaya hannun ta fara zuba nono, idonta a kan ƙwarya.

"Ga kan wa?" ta ce, leɓenta ko motsi ba ya yi sosai.

"Ƙanwata."

Ta zuba wani ludayin. Na ɗauka za ta tambaye ni inda take, ko yaushe za ta dawo, tambayoyin da ba ni da amsarsu.

"Kitson ya yi kyau?"

"Ko gashi guda bai tashi ba, Inna."

"Tsagar ba ta karkace ba?"

"Ta hita tas."

Ta yi ajiyar zuciya a hankali. "To hannunta bai rawa," ta ce. "Tana samun abin da taka ci."

Nonon ya cika kwanon ya fara zuba a kan yatsuna, ita kuwa ba ta daina zubawa ba.