Tokar Maman Jonatan

Idan ka bar Keffi ka nufi Garaku, akwai wata hanyar burji da ke ratsewa hagu, wadda 'yan acaɓa ba sa ƙaunarta idan damina ta zauna. A ƙarshenta akwai kurmin da gwamnati ta keɓe, ba a sara, ba a farauta. A bakin kurmin nan bukkokin Magdalena suke, guda shida. Mu dai Maman Jonatan muke ce mata.

Can masu zuwa kallon birai da tsuntsaye suke kwana, yawancinsu ɗalibai da malaman makaranta, waɗanda aljihunsu bai kai otal ba. Kuɗin kwana bai fi na faranti biyu na shinkafa a tasha ba. Abin da za ka samu gadon katako ne, da gidan sauro, da randa, da fitila mai cajin rana. Ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin abin da ya fi haka ba.

Ta wajen mijinta na san ta. Ni da Malachi benci ɗaya muka zauna a firamare. Ni na zama malamin makaranta, shi ya shiga aikin gadin daji. Ita 'yar Gitata ce. A Sabon Gari suka fara zama, tana soya ƙosai kusa da masu gyaran keke. Da aka tura shi kurmin, kowa ya ce ta zauna a gari da yaronta, daji ba wurin mace ba ne. Ta saurare su har suka gama, sannan ta ɗaure kaskonta ta bi shi.

Masaukin ya faro ne da wata damina. Ɗalibai bakwai suka zo duba itatuwa, rafi ya kawo, motarsu ta kasa fita. Ta share ɗakin girki ta kwantar da su. Shekara ta zagayo suka dawo da abokansu, Malachi ya gina musu bukka ɗaya. Uku ya gina kafin Allah ya karɓi abinsa. Sauran ukun da ƙafarta ta kwaɓa ƙasarsu.

Tana da wani aiki da ba ta ba wa kowa. Kullum kafin rana ta faɗi, takan share yashin da ke kewaye da kowace bukka, tana tafiya da baya don kada ta bar sawunta. Idan ya kwanta sumul, sai ta ɗebo tokar murhu ta zagaye bukkar da ita, faɗin tafin hannu. Da safe kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya, kamar hedimasta na duba farce. "Bushiya ta wuce nan," za ta ce. "Wannan kuma maciji ne, ya leƙo ya ga babu nasa ya koma." Karatun yashi daga Malachi ta koya. Tokar kuwa ta kakarta ce, saboda kwarkwasa, baƙaƙen tururuwan nan masu cizo da ke tafiya a jere dubu-dubu. Idan suka shiga ɗaki, mai ɗakin ne ke fita. Amma ba sa son taka toka.

Mutane sun yi magana, kamar yadda suka saba. Wasu suka ce tsafi ne. Har fastonsu ya taɓa zuwa ya gani da idonsa. Ya zagaya, ya yi tambayoyi, da zai tafi ya roƙi bokiti guda ya kai wa akurkin kajinsa.

Bara, farkon damina, ma'aikatar da ke kula da dazuzzuka ta aiko da takarda. Za a duba duk masaukin da ke bakin kurmi, wanda bai cika ƙa'ida ba za a rushe shi. Jami'a za ta zo ta kwana ɗaya, abin da ta rubuta shi ne hukunci. Magdalena ta aiko a kira ni, ta ce in zo in zauna kusa. Na tambaye ta amfanin da zan yi. Ta ce, "Ka iya karanta Turancinsu, Malam Idi, kuma ka iya shiru."

Na tarar Jonatan ya riga ni. Ɗanta ne tilo, magidanci, aikin tayil yake yi a Mararaba, kuma ana yabon hannunsa. Da ya ji labarin takardar, ya bar kwangila ya taho da kayan aikinsa. Mako biyu yana durƙushe a bukkar da ta fi girma. Ya shimfiɗa mata farin tayil daga ciki har baranda, ya kewaye ta da shi taku biyu daga bango. Gaskiya aikin ya yi kyau. Ranar da baƙuwar za ta zo, ya wanke wurin tas, ya tare uwarsa tana tahowa da kwanon toka.

"Mama, don Allah ban da nan."

"Me ya sami nan?"

"Matar nan daga ofis take. In ta ga toka zagaye da ɗaki me za ta rubuta? Ko ƙazanta ko tsafi, zaɓi ɗaya."

"Ta rubuta toka mana. Ba a koya musu ba?"

"Kwana ɗaya ne fa! Dubi yadda yake ƙyalli. Ki zuba toka a nan, ai kin shafa wa amarya gawayi. Baba Idi, ka sa baki mana."

Ban sa ba. Ita ma ba tayil ɗin ta kalla ba, hannunsa ta kalla, wanda siminti ya farfasa har ya yi jini a gaɓoɓi. Sannan ta ce, "To," ta juya da kwanonta zuwa sauran bukkoki biyar.

Ya kamata in ce tun da safiyar ranar ta kira ni ta nuna mini yashi. Sawun ƙadangaru ne da na ɓeraye da na gyare, dukansu sun juya wa rafi baya, sun nufi tudu. Ta ce, "Malam, yau ɗalibanka sun gudu tun ba a kaɗa ƙararrawa ba." Na yi dariya kawai. Ban san karatun ba.

Bayan la'asar motar ofis ta iso. Jami'ar yarinya ce a idona, sunanta Hamdiya, da hijabi da takalmin daji da fayil a hammata. Ta gaishe mu da ladabi, amma ba ta zauna shan ruwa ba. Ta leƙa randuna, ta ɗaga katifu, ta auna taku nawa ne daga masai zuwa rafi. Da ta zo kan tokar ta tsaya, ta taɓa ta da bakin takalmi.

"Wannan fa?"

Jonatan ya yi caraf. "Tsohon yayi ne, Hajiya, za a daina. Ga irin gyaran da muka fara can."

Ta rubuta wani abu gajere. Aka kai jakarta bukkar tayil, don baƙon da ake jin nauyinsa shi ake ba ɗaki mafi kyau. Bayan an ci tuwo an wanke tukwane, na ga Magdalena ta ƙara manyan itatuwan ƙirya a murhu, alhali babu sauran girki. Tabarmarta ma ba ta kai ɗaki ba, a bakin murhun ta shimfiɗa.

Da asuba ina alwala na ji salati da ƙarfi. Hamdiya ce ta fito da buta ta taka baranda. Gari ya fara haske, ana iya gani. Kwarkwasa ce. Daga wajen rafi suka taso, baƙi ƙirin, kamar an ja doguwar igiya a ƙasa. Sun zo bukka ta farko sun tarar da toka sun kauce. Ta biyu ma haka, har ta biyar. Da suka iso tayil babu abin da ya ce musu a'a, suka hau.

Kafin in miƙe Magdalena ta iso da daro cike da toka mai zafi, ta naɗe hannunta da tsumma.

"Kar ki tsaya kakkaɓewa a nan, 'yata! Yi tsalle kan yashi! Cire safar!"

Jonatan ya fito a guje da kwalbar maganin ƙwari. Ko kallonsa ba ta yi ba ta ce, "Ajiye. Bakin kurmi muke. Ka kashe su, tsuntsaye su ci gawar, gobe baƙi su zo kallon me? Je ka ɗebo mini wata."

Ya ajiye ya tafi. Ta fara tsaga layin toka a bakin ƙofa, sannan ta dama, sannan ta hagu, ta bar gefen kurmi a buɗe. Na ce mata ga can ba ki rufe ba. Ta ce, "Da gangan ne. In ka rufe musu ko'ina, cikin jinka za su hau, su zubo wa mutum a ka." Suka yi cincirindo a bakin layin kamar 'yan kasuwa sun tarar da gada a karye, can na gaba suka juya, sauran suka bi. Kafin rana ta ɗaga, igiyar ta shige kurmi.

Hamdiya ta yi sallarta a ɗakin Magdalena, sannan ta zauna a kan turmi, ƙafafunta cikin ruwan ɗumi da gishiri. Kwarkwasa ko ka fizge ta, kanta yakan zauna a fata. Magdalena ta durƙusa tana cire kawunan ɗaya ɗaya, tana shafa man kaɗanya.

"Mama, kin san za su zo?"

"Na yi zato."

"Kuma kika sa ni a ɗakin da babu toka?"

Magdalena ta ci gaba da cirewa. Can ta ce, "Shi ne ɗakin da ya fi kyau."

Jonatan yana tsaye da daro a hannu, toka har gira. Ya ajiye shi ya rusuna. "Hajiya, ni ne. Ni na hana ta. Ta so ta zuba, na ce za ki raina mu. In akwai abin rubutawa, ni za ki rubuta."

Hamdiya ta kalle shi, ta kalli uwar, ta kalli murhun da har yanzu yake hayaƙi da tabarmar da ke gefensa. Sai ta yi wata 'yar dariya, mai haɗe da zafin cizo. Ta ce, "Shekara biyar ina karatun daji. Na san kwarkwasa a littafi har da sunanta na boko. Yau ita ma ta san ni."

Ta miƙe tana ɗingishi ta ce a zagaya da ita. A kowace bukka ta durƙusa ta ɗauki hoton inda sawun ya zo ya karkace. Ta tambayi dalilin sharar yashi, Magdalena ta karanta mata abin da ya wuce a daren, har da wata mujiya da ta sauko ta ɗauki ɓera. Da safe Hamdiya ta ce za ta tafi, amma sai da ta yi azahar. Na ga ta ja layi a kan abin da ta rubuta jiya, ta cika shafi biyu. Me ta rubuta, ba ta faɗa ba. Abin da kawai ta ce shi ne masai ya yi kusa da rafi, kuma ba ta yi murmushi ba da ta faɗe shi.

Da ƙurar motar ta kwanta, Magdalena ta zauna a ƙasa. Shekara talatin da sanina da ita, ban taɓa ganin ta zaune da rana tsaka ba. Ta ce, "Malam, na sa an ciji gwamnati." Na zauna kusa da ita, aikin da aka kira ni dominsa ke nan.

Jonatan bai jira hukunci ba. A yammacin nan ya tayar da janareta, ya ɗauko injin yankan tayil, ya ja zare. Ya yanke kwalbati siriri, faɗin tafin hannu, kewaye da bukkar, a tsakiyar aikin da ya yi mako biyu a kansa. Ya goge gefen ya daidaita kusurwa. Da ya gama ya ɗebo toka da kansa ya cika. Uwar tana shara da baya, ba ta ɗaga kai ba, amma na lura ta share wuri ɗaya sau uku.

Mako bakwai aka yi ana jira. Jonatan ya haƙa sabon masai can kan tudu kafin ya koma Mararaba. Ranar da takardar hukunci ta zo, ɗan acaɓa ya biyo ta gidana a Keffi, na hau bayansa na kai mata. An ba ta izinin ci gaba, da sharaɗi biyu. Na farko a janye masai daga rafi. Na biyu, kada a shigo da maganin ƙwari bakin kurmi, a ci gaba da hanyar da aka tarar ana bi a wurin. Ta sa na maimaita na biyun. Sannan ta karɓi takardar ta soke ta a jinkar ɗakin girki, ta ce in matsa, ina tsaye a kan yashinta.

Na koma can watan jiya da jikokina. Bukkar tayil ita ɗalibai ke rububi a kanta, kuma tokar ta fi zama a kwalbatin, iska ba ta kwashe ta. Jonatan ya roƙi uwarsa ta bari ya yi wa sauran biyar irinsa. Ta ce za ta yi tunani. Na tambaye ta inda tunanin ya kai. Ta miƙo mini kwanon toka, ta nuna mini bukka ta huɗu, ta ce rana tana faɗuwa.