Gidan da Ya Zama Kusada

A mararrabar Fakuwa ga wani dogon tsoho, Sada, rungume da allon hanya yana murɗawa yana nishi, hularsa ta karkace. Tun da leburorin Bature suka kafa allon, kibiyar da aka rubuta wa "Kusada" take nuna ƙofar gidansa. Duk ɗan bokon da ya karanta sai ya ɗauka ya iso garin Kusada, ya yi sallama a zaurensa. Da gani Sada ba ya iya korar baƙo, ga rumbunsa ya kusa ƙarewa.

"Baba, taɓa allon Bature ɗauri ne fa!" in ji wata mai tallar nono.

"Ba tuge shi za ni yi ba, ɗiyata. Gidan maƙwabcina Lawal za ni nuna. Shekara biyu ina Kusada, shi ma ya ɗana."