Yadda Gwaggo Jumma Ta Auna Surukinta

Gwaggo Jumma, ƙanwar babanmu, ƙuli-ƙuli take soyawa a ƙauyenmu da ke gefen Minjibir. Ba ta yi boko ba, amma babu mai son labari kamarta. Ni kuwa da na gudo daga sakandare a aji huɗu, ga aikin da ya same ni: in mata sun zauna ɓarar gyaɗa da hantsi, sai in buɗe waya in karanta musu littafin da ake turowa shafi-shafi.

Na bana labarin wani miji ne mai dukan matarsa. Da an zo wurin mari sai Gwaggo ta watsar da ɓawo.

"Hannun nan ya shanye! Zubair, koma baya, me ta yi masa?"

"Gishiri ne ya yi yawa a miya, Gwaggo."

"Gishiri! Da ni ce, gobe barkono zan ƙara."

Mata su yi ta dariya. Amma kowa ya san haƙorinta na gaba ba rake ne ya ɓalle shi ba. Mijinta na fari ne, shi ya sa ta fito da goyon 'yarta Luba ba ta waiwaya ba.

To, yanzu Badaru mai gyaran babur yana neman Luba, ita ma ta mace a kansa. Gwaggo ta ce ba za ta sa albarka ba sai ta ji cikinsa. Ga shi suruka ba ta zama da suruki, ko ido ba sa haɗawa. Sai ta kira ni.

"In ya zo zance, zaunar da shi gindin darbejiya ka karanta masa shafin dukan nan. Ina bayan danga. In ya yi dariya, ko ya ce ai ita ta ja, maganar aure ta mutu."

Luba ta roƙe ni in tsallake wurin. Na ce mata to. Da ya zo na karanta shi tsaf, har da kwaikwayon muryar mijin.

Ina kaiwa inda aka kulle matar a ɗaki sai Badaru ya miƙe yana laluben makullin babur.

"Wane gari ne? Bagwai?"

"Malam, littafi ne fa."

"Ana karya 'yar mutane kuna zaune kuna karantawa? Tashi ka nuna min gidan, mu kai ta wurin iyayenta!"

Na rantse masa ƙagaggen labari ne. Ya ce ƙarya nake, wanda ya rubuta a wani gida ya gani.

Sai danga ta fara girgiza. Dariya ce ta ci ƙarfin Gwaggo, ta manta da kunyar suruki, ta leƙo da kanta.

"Ke Luba! Kawo wa yaron nan fura, ki cika nono. Kai kuma, ka ce wa manyanka su zo ranar Juma'a."

Badaru ya zube ya durƙusa, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Luba ta fito da gudu, rabin furar a ƙasa.