Jan Haske a Gwiwar Inna

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kiran sunana, balle ta riƙe hannuna. Da ciwon gwiwa ya hana ta ruku'u, na kai ta asibiti a Kazaure. Likita ta jawo na'urar leza mai jan haske. Inna ta zaci sakiya za a yi mata irin ta wanzami, sai ta runtse ido ta damƙe hannuna.

Hasken ba ya ƙuna. Tana gane haka ta sake ni, ta gyara mayafinta.

Ta rasu kafin kaka. Har yau ina jin haushin na'urar nan. Da ta yi zafi ko kaɗan, da Inna ta daɗe riƙe da ni.