Kalmomi Huɗu na Kofur Zakari

Duk wanda ya zauna a Auyo ya san ba a cewa "mu Hausawa" a gaban Kofur Zakari a wuce lafiya. Ko tuwo yake ci, sai ya ajiye lomar, ya ɗaga yatsa, ya ce, "Ban da ni." Kun tuna ranar da Liman yake wa'azi bayan la'asar, ya ce mu Hausawa mun cika gaggawa a salla? Daga sahu na uku aka ji, "Ban da ni."

Liman ya ce, "Kofur, kai fa ka fi kowa gaggawar."

Ya ce, "Gaggawar na karɓa, Allah gafarta Malam. Hausancin ne na mayar."

Ni taubashinsa ne, ubansa da uwata ciki ɗaya, saboda haka ni kaɗai nake da izinin tsokanarsa ba a ji kanmu ba. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka har ya koma ga Allah bai taɓa kirana Haladu ba, sai "bawa". Nakan ce masa, "To kai mene ne?"

"Ba'auyaki, jikan Auyakawa, waɗanda suka kafa garin nan tun Haɗeja tana kurmi, da yarensu daban."

"Da wane yare ka faɗa mini haka?"

"Da na aro, bawa. Mai rigar aro ma ai yana zuwa Idi."

Kafin a kwashe su zuwa yaƙin Bama ba haka yake ba. Masunci ne kamar kowa, ya hau gora ya shiga ruwa, ya fito da tarwaɗa, bai taɓa tambayar ko kakan wa ya kafa me ba. Ya dawo mana da igiya biyu a kafaɗa, da gwiwa mai ciwo in hadari ya taso, da kuma wannan magana.

Ga yadda ya ce ta samo asali. Da aka gama yaƙi, sai aka sa su gadin sojojin Japan da suka ajiye makamai. A cikinsu akwai wani gajere mai gashin hannu, kullum yana gefe shi kaɗai. Ya sami gwangwani da sanda da waya ya haɗa wani abu kamar gurmi, yana kaɗawa a hankali yana waƙa. Kofur ya lura in ya fara, sauran sai su yamutsa fuska. Mutumin malamin makaranta ne a garinsu, yana jin ɗan Turanci, Kofur kuma yana da na bariki, da haka suka lallaɓa. Sunansa Higa, Kofur ya ƙara masa "Malam".

Kofur ya tambaye shi, "Me ya sa 'yan'uwanka Japanawa ba sa son waƙarka?"

Ya ce, "Ba sa jin ta. Ni mutumin Okinawa ne."

Kofur ya ce nan take ya ji jikinsa ya ba shi. "Bawa, saurara da kyau. Kanawa, Katsinawa, Okinawa. Ai da jin sunan ka san 'yan gida ne. Na ce masa ashe kai Ba'okine ne."

Malam Higa ya ba shi labari cewa su tsibiri ne can cikin teku, da sarkinsu da yarensu, har Japan ta zo ta haɗiye su. Masanan ƙasar suka yi ta rubuce-rubuce a kansu, har da masana 'yan tsibirin. Wasu suka ce jini ɗaya ne, har ma yaren tsibirin ya riƙe tsohuwar maganar da kakannin Japanawa suka yi, wadda su suka manta. Wasu suka ce a'a, mutanen nan daban suke, sai an goge su kafin su shiga jama'a. To amma ko wanne masani ya yi nasara, in yaro ya kuskura ya yi yaren uwarsa a makaranta, sai a rataya masa wani ɗan katako a wuya, ya yini da shi har ya kama wani ya miƙa masa.

Kofur yakan ce, "Ka ji fa. A littafi kai ne kaka, a tsakar gida kai ne bara. Ranar yaƙi a ce maka ɗan'uwa, ranar rabon shinkafa a tuna ba ka iya magana ba."

Bakin matan garin nan bai iya cewa Okinawa ba, sai suka mayar da shi "A-ƙi-nawa". Sunan ya bi Kofur har kabari, kuma ni dai ban ga wanda ya fi dacewa da shi ba.

Matsalar ita ce, Ba'auyakin namu bai san ko kalma ɗaya ta Auyakanci ba. Ya bi tsofaffin gari ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce shi ma da Hausa ya buɗe ido. Can aka ce masa akwai wata tsohuwa a wata tungar masunta, ƙetaren fadama ta wajen Kafin Hausa, wadda ta rage da saura. Lokacin ruwa ya cika ya shafe hanya. Wa zai tuƙa jirgi? Bawa mana. Muka yini muna ratsa ciyawar kacala, sauro yana sadaka da jininmu, shi yana zaune a tsakiya da goro a ƙunshe kamar mai zuwa neman aure.

Muka tarar da ita ba haƙori, ba kunne sosai. Kofur ya durƙusa ya ce, "Iya, yaren kakanninmu na zo nema."

Ta ce, "Yaro? Ba ni da yaro, duk sun tafi su."

Sai da jikarta ta yi mata ihu a kunne. Ta tauna goron da dasashi, sannan ta fito da kalma huɗu. Ta ce ɗaya ruwa ce, ɗaya kifi, ɗaya zagi, ta huɗun kuma ta manta ma'anarta, amma dai uwarta tana yawan faɗinta da safe. Kofur ya ce lalle gaisuwa ce. Muka dawo yana ta maimaita su kamar mai hadda, har ya hana ni magana kada in zubar masa da ɗaya a ruwa.

Wata shida yana gaida mutane da ta huɗun nan. Dagaci ya sha ta, Liman ya sha ta, surukinsa ya sha ta. Sai ran wata kasuwa, wani Babarbare mai sayen bandar kifi ya ji ya gaida shi da ita, ya kama ciki yana dariya.

Ya ce, "Kofur, wa ya koya maka wannan? A wurinmu da ita ake korar akuya daga rumbu."

Na ce yau dai Allah ya kama shi. Kofur ko gezau. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ka gani ko, bawa? Huɗu suka rage mana, har an sace ɗaya an ba akuya."

Daga nan abin ya shiga gida. Ya sami gutsuren tsohon jirgi ya sassaƙa ɗan katako, ya huda, ya zira igiya. Ya tara matarsa Tabawa da 'ya'ya, ina zaune a zaure ina ji, ya ce daga yau duk wanda ya ce "ruwa" ko "kifi" da Hausa a gidan nan, katakon nan ya hau wuyansa.

Tabawa ta ce, "Maimaita, Malam, ban ji ba. Duk wanda ya ce me?"

Ya ce, "Ruwa ko kifi."

Ta miƙe ta rataya masa.

Ku da kuka gan shi ranar a bakin kogi da katako a ƙirji kamar saniyar da aka yi wa alama, yanzu kun san dalili. Doka dokarsa ce, kuma soja ne, ba zai cire ba sai ya kama wani. Gidan kuwa aka haɗa masa baki. In 'yarsa za ta kawo masa na sha sai ta ce, "Baba, ga abin randa." Kwana biyu yana ɗauke da shi. A rana ta uku Tabawa ta zo ta cire da hannunta, ta ce, "Malam, abin da ka ce ya sa abokinka kuka, shi ka kawo wa 'ya'yana?"

Nan Kofur ya faɗa mana abin da bai taɓa faɗa ba, cewa Malam Higa da hannunsa ya riƙa rataya wa yaran tsibirinsu katakon, don shi ne malaminsu, kuma a lokacin ya ɗauka taimakonsu yake yi, don su sami aiki kada a raina su. Tabawa ta jefa katakon a wutar banda. Kofur ya ce kifin ranar ya fi kullum daɗi.

Babban rikicin sai da aka zo ƙidayar mutane. Wani saurayi malamin ƙidaya ɗan Haɗeja ya sauka da keke da takardu, alƙalami a bayan kunne, yana bin gida gida. Ya zo kan Kofur.

"Ƙabila? Bahaushe ko?"

"Ba'auyaki."

Malamin ya duba takarda sama da ƙasa ya ce, "Babu gidansu a nan."

"To gina musu."

"Takardar daga Kaduna take, Baba, ba ni na tsara ta ba."

"Ni ma ba daga Kaduna aka tsara ni ba."

Magana ta kai gaban Dagaci. A lokacin Kofur yana gadin siton shinkafa, aikin da aka ba shi saboda gwiwarsa ba ta barin shi shiga ruwa, kuma da shi yake ciyar da mutum bakwai. Dagaci ya ce masa gaba da gaba, in ya sa aka ce garinsa ya ƙi ƙidaya, to ya kawo mabuɗin sito, kuma ya shirya tafiya gaban Hakimi. Tabawa ta biyo ni har gona tana kuka in je in ba shi baki. Na je. Ya ce, "Bawa, a Bama sun rubuta ni da lamba, na yarda, don lambar tawa ce ni kaɗai. Wannan kuwa sunan wani za su ɗora mini."

Washegari aka taru a ƙofar Dagaci. Kofur ya zo da mabuɗin a hannu, ya ajiye a kan tabarma, ya ce a ba shi izinin tambaya ɗaya.

"Malam, kai me ka rubuta kanka?"

Saurayin ya gyara hula ya ce, "Bafulatani."

"Madalla. Yi mana Fulatanci mu ji."

Yaron nan a birni aka haifi kakansa, nono ma sai ya saya. Ya yi ta lalube, can ya ce, "Jam."

Kofur ya ce, "Ɗaya ke nan. Ni ina da huɗu, ko a cire ta akuya ina da uku. Mai ɗaya ya sami gida a takarda, mai uku ya kwana a waje?"

Dagaci, wanda shi ma Fulanin ne irin na malamin, ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Malamin ya duƙa ya yi rubutu can ƙasan takarda. Kofur ya ce a karanta masa. Aka ce an sa shi a gidan "Sauransu". Ya ɗauki mabuɗinsa ya miƙe yana taku ɗai-ɗai kamar wanda ya ci gari da yaƙi. Ni kuwa daga ranar na samu abin yi, ko daga nesa na hango shi sai in ce, "Barka da hantsi, Basauranshe."

Ya sa an rubuta wa Malam Higa wasiƙa har sau uku, adireshin kuwa "Okinawa, gaba da Bama". Ba amsa. Da wani ɗan boko ya karanta masa a jarida cewa tsibirin yana hannun Amurkawa yanzu, sai ya girgiza kai ya ce, "To yau kuma a wane gida za su sa shi?"

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na je duba shi da hantsi, na tarar an fito da shi inuwar ɗorawa. Na zauna ina tsokanarsa yadda muka saba, na ce, "Kofur, tsakaninka da Allah, me ka ci a wahalar nan? Yaren da ba mai amsa maka?"

Ya ce, "Ka tuna rasuwar Kaka?"

Na tuna. Kakarmu ce mu biyu, muna 'yan shekara bakwai ko takwas. Da tsufa ya ci ƙarfinta, Hausa ta gudu daga bakinta, ta koma maganar da ta tashi da ita. Manya suka ce ruɗewa ce.

Ya ce, "Kwana uku tana riƙe da hannuna tana faɗin abu ɗaya. Ni da kai muka riƙa fita bayan ɗaki muna kwaikwayonta muna dariya. Da tsohuwar tungar nan ta faɗi kalmar ruwa, na kasa kunne ko ita ce. Bawa, na kasa tunawa. Har yau ban sani ba ko ƙishirwa take ji."

Na ɗauko moɗa na ba shi ya sha.

Allah ya jiƙan Zakari, ya yafe masa taurin kai, mu ma ya yafe mana dariyar bayan ɗaki. Bawan Allan nan na tsibiri, in yana raye, Allah ya sa ya koma ya tarar da wanda zai amsa masa. Ya Ubangijin da ba a yi masa tafinta, ka sada Zakari da Kaka, ka ba shi kunnen jin abin da ta ce. Amin.