Muryar Labbo a Akwatin Halliru

Idan ka shiga kasuwar Sabon Birni ta wajen da 'yan kabu-kabu ke tsayawa, rumfa ta uku a hannun dama ita ce ta Halliru mai filashin. Siriri ne, mai saurin hannu, a da kuma har da saurin baki. Ɗan maƙera ne, amma ƙira ba ta taɓa damunsa ba. Rediyon ubansa ya fara kwancewa, ya sha bulala, washegari ya sake kwance ta. Da wayoyi suka cika gari sai ya tafi Sakkwato ya yi shekara biyu wajen wani mai gyara, ya dawo da tsohuwar kwamfuta da sana'ar da ta ba shi suna: idan waya ta rikice, sai ya goge manhajar da ke tafiyar da ita ya zuba mata sabuwa, ta farfaɗo. Shi ne filashin. Kuma a faɗi gaskiya, ya iya. Abin da ya cuce shi bai wuce sanin cewa ya iya ɗin ba.

Wani ɗan kasuwa mai zuwa daga Maraɗi ne ya kawo masa ɗan baƙin akwati na gwanjo, bai kai girman bulo ba. A cikinsa akwai faifan ajiya mai cin kaya kamar rumbu. Halliru ya jona shi da sola, ya haɗa shi da na'urar waifai, ya tara karatun Alƙur'ani da wa'azi da finafinai a ciki, duk wanda ya zo sai a tura masa a waya. A shekarun nan kuwa hanya ba lafiya, 'yan bindiga na tare mutane su karɓe wayoyi. Sai jama'a suka fara kawo masa ajiya: hoton mamaci, hoton takardar gona, muryar ɗa da ke ƙasar waje. Ya kwafe ya zuba a akwatin, ya daki ƙirji ya ce, “An aje! Ko kasuwar ga ta ƙone, kayanka na nan.”

Cikin masu ajiyar akwai Atiku, makiyayi daga wata ruga a gefen Turba. Abin da ya kawo guda ne tak, magana ta minti huɗu. Mahaifinsa Labbo da wani manomi mai suna Malami sun haƙa rijiya tare a gonar Malami tun suna da ƙarfinsu, Labbo ya ba da bijimi aka yi aikin siminti. Da tsufa ya kama su, wata rana a wajen suna, Atiku ya ajiye wayarsa tsakaninsu suka maimaita alkawarin da bakinsu: muddin rijiyar na da ruwa, safiya ta gidan Malami ce, yamma ta shanun Labbo. Tsofaffin biyu duk sun riga mu gidan gaskiya. Halliru ya saurari maganar nan ya fi sau goma, don yana son yadda suke tsokanar juna a ciki. Ba a yi wata biyu ba aka ƙwace wayar Atiku a hanyar Isa. Ya zo ya faɗa wa Halliru, har yana godiya ga Allah da ya sa ya kawo ajiyar da wuri.

Sai fari ya zo, shekara biyu a jere. A ta biyun an yi shuka sau uku, ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Samari ba su jira kaka ba suka fara haɗa buhunansu na tafiya cin rani, kuma kowa na son a cika masa waya kafin ya kama hanya. Layi ya yi tsawo a rumfar Halliru, akwatin kuma ya ƙi sauri. Manhajar kamfanin da ya zo da ita da Faransanci take, tana tafiyar hawainiya, waya uku ta hau kanta sai ta fara nishi. Wani abokinsa na Sakkwato, Ibrahima, ya ce masa ai akwai wata manhaja da masana suka rubuta don irin waɗannan akwatuna, ana cire ta kamfani a zuba ta, waya goma ma za ta ɗauka. Ya turo masa, ya kuma ja masa kunne: ya kwashe duk abin da ke faifan zuwa wani wuri tukuna.

Kwashewa zuwa ina? Kwamfutarsa ba za ta ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma ba. Halliru ya yi tsaki. Shi da ya yi wa waya fiye da dubu filashin, yau za a koya masa? A waya ai memori ake cirewa a ajiye gefe, a gama aiki a mayar, komai na nan. Haka ya yi. Ya kwance akwatin ya zare faifan, ya zuba sabuwar manhajar, ya zauna yana kallon 'yar fitilar na ƙiftawa, zufa na bin wuyansa. Ta tsaya a kore. Aiki ya yi! Ya mayar da faifan yana murmushi. Sai sabuwar manhajar ta ce ba ta gane faifan ba, ko a shirya shi? Ranar kasuwa ce, mutum takwas na tsaye a kansa, ɗaya na cewa motarsu za ta tashi. Bai ko karanta layin ƙasa mai gargaɗin za a goge komai ba, ya danna eh.

Minti biyu aka yi. Da ya buɗe, wayam. Babu karatu, babu fim, babu ajiyar kowa.

To, kuskure kowa na yi, kuma da a nan abin ya tsaya da ban ɓata bakina ba. Abin da ya biyo baya ne ke ƙona rai. Da ya kashe akwatin nan take ya kai wa Ibrahima, da an ceto mafi yawan kayan, don shiryawar ba ta cinye su gaba ɗaya. Amma ina! Ya kira Ibrahima ya ce masa me? Cewa bai ji gargaɗi ba? Kunya ta hana. Sai ya bi abokan sana'a yana aro finafinai da wa'azi, ya kwana uku yana durawa a faifan har ya cika, don kada a ga rumbun babu kowa. Kowane fim da ya zuba a kan ajiyar wani ya kwanta, ya danne ta har abada. Akwatin kuwa ya koma gudu kamar doki, mutane na ta yaba masa, shi kuma yana amsa yabon.

Rani ya yi tsanani, tafkuna suka ƙafe tun kafin lokacinsu. Abu, ɗan marigayi Malami, ya yi ɗan lambu a gefen rijiyar don iyalinsa su samu abin kaiwa baki, ruwan kuma ya fara kasawa. Ya ce shanu su daina zuwa. Abu ba mugu ba ne, yunwa ce a gidansa, kuma lokacin da tsofaffin suka yi maganar yana kudu wajen neman abinci. Da Atiku ya kai maganar gaban dattawa, abin da Abu ya faɗa shi ne, “In na ji muryar babana da kunnena, wallahi ba ni ja. Ko lambun zai mutu, shanu su sha.”

Da sassafe Atiku ya iso Sabon Birni, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Halliru na hango shi ya jawo tsumma ya rufe akwatin.

“Malam Halliru, ajiyata na zo karɓa. Garkena duka ga maganar nan ya dogara.”

Nan ne fa ya kamata mutum ya zama namiji. Halliru ya dubi ƙasa ya ce, “Ayya, Malam Atiku, ba ka ji ba? Zafin bana ya kashe akwatin. Ya ƙone ƙurmus, da komi da komi.”

Atiku ya yi salati. Sannan, abin da ya fi dukan bulala zafi, shi ya koma yana ba Halliru haƙuri, wai ai asarar ta fi yawa a wajensa, sana'arsa ce. “Amma kai ka ji maganar,” in ji shi. “Kai ba ɗan ruga ba ne, ba ɗan gidan Malami ba. Za su karɓi shaidarka.” Halliru ya ce za shi. Har ya ji sanyi a ransa, yana ganin ga ƙofar gyara ta buɗe ba tare da asirinsa ya tonu ba.

Bayan kwana huɗu aka zauna ƙarƙashin tsamiya kusa da rijiyar, dattawan unguwa biyar, da Abu, da Atiku. Shanun na can nesa a tsaye, haƙarƙarinsu a waje, sun juyo da kai wajen kwamin da ake zuba musu ruwa. Halliru ya miƙe ya faɗi abin da ya ji, bai ƙara ba bai rage ba, wannan karon gaskiya tsantsa. Dattawa suka fara gyaɗa kai.

Sai Abu ya ce, “Baba, a ba ni izini in yi tambaya guda. Malam, wane akwati na ya ƙone? Kasuwar da ta wuce ni da kaina na tsaya rumfarka, ka tura mini wa'azi daga baƙin akwatin ga, fitilarshi na ci. Ko biyu gare ka?”

Ba biyu gare shi ba, kuma rabin Sabon Birni sun sani. Halliru ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Ya fara kame-kame, ya ga babu mafita, sai ya faɗi komai: manhajar, da dannawar, da finafinan da ya dura a kai. Yana magana yana kallon yatsun ƙafarsa, don ya kasa ɗaga ido ya dubi inda Atiku yake.

Babban dattijon ya daɗe yana shafa gemu. “Ɗana,” ya ce, “da ka zo muna da wagga magana tun farko, da mun ce tsautsayi na, mu karɓi shaidarka. To amma wanda ya yi ƙarya a kan akwati, yaya za mu ɗauki bakinshi mu yanke hukunci a kan rijiya?” Babu wanda ya musa, don babu abin musu. Abu ya ce shi ma ya so ya ji muryar, amma ba zai kashe lambun 'ya'yansa a kan maganar wanda aka kama da ƙarya yanzu-yanzu ba. Aka ba shanun kwana uku su sha, daga nan su nemi wani wuri.

Daga baya Halliru ya bi masu ajiya gida-gida ya faɗa musu gaskiya. Wasu sun zage shi, wasu sun yafe, wata tsohuwa da hoton ɗanta ya tafi ta rufe masa ƙofa. Har yau yana rumfarsa, yana filashin, hannunsa bai mutu ba, sai dai bakin ya mutu, kuma ko rantsuwa ka yi masa ba zai karɓi ajiyarka ba. Amma duk wannan bai kai abin da ya faru a rana ta ukun ba.

A ranar ya hau kabu-kabu ya koma Turba da niyyar neman gafara. Ya tarar an kwance bukkoki, an ɗaure kaya a kan jakuna, za a nufi arewa, inda babu wanda ya tabbatar akwai ruwa. Saniya biyu sun kasa tashi, an bar wa mahauta. Ya tsuguna gaban Atiku, ya buɗe baki, Atiku ya ɗaga masa hannu.

“Bar wannan. Rijiya dai ta tafi. Abu guda nika so. Ka ce ka ji ta fiye da sau goma, ni kuwa tun da aka amshe wayata ban sake jin mahaifina ba. Faɗa mini yadda ya ce.”

Halliru ya fara. Ya faɗi sallamar tsohon, da yadda ya tsokani Malami cewa bijimin ya fi gonar daraja, da alkawarin safiya da yamma, har addu'ar da ya rufe da ita. Bai manta kalma ɗaya ba. Atiku ya saurara ido a rufe, ya jingina da sandarsa.

“Haka ya ce,” in ji shi a hankali. “Duk haka ya ce. Amma ba haka muryarshi take ba.”

Ya saɓa sandar a kafaɗa, ya kira shanun, suka bi shi.